Baƙi suna zuwa sujada amma ba sa komowa: me ikilisiya za ta yi?

"Baba Rabaran, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ne magatakardan wata ikilisiya mai sujada da Hausa a wajen Mararraba, kan hanyar Abuja zuwa Keffi. Kusan kowace Lahadi sai an sami baƙi sun tashi tsaye, mu rera musu waƙar maraba, mu rubuta sunayensu a littafi. Da na buɗe littafin a ƙarshen shekara domin haɗa rahoto, sai na ga sunaye sun cika shafuffuka, alhali yawan masu sujada bai ƙaru ba, kuma ban iya tuna fuskar mafi yawansu ba. Wasu dattawa sun ce laifin wa'azi ne, wasu sun ce mutanen yanzu ba sa zama wuri ɗaya. Ina roƙon Baba ya ba mu shawara: yaya ya kamata mu karɓi baƙo, kuma yaya za mu bi sawunsa ba tare da mun zame masa kaya ba?"

Magatakarda, na gode, Ubangiji ya ƙara maka himma a aikin da aka danƙa maka. Idan na fahimce ka da kyau, tambayoyi biyu ka haɗa wuri ɗaya, wato abin da ya kamata ya faru a ranar da baƙo ya fara taka ƙofar majami'a, da abin da ya kamata ya faru a makonnin da ke biye, lokacin da waƙar maraba ta daɗe da ƙarewa kuma kowa ya koma harkar gabansa. Ta biyun ta fi nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa. Abin da na gani cikin bayaninka shi ne ikilisiyarku tana yi wa baƙo maraba a matsayin taro, amma ba ta ba shi mutum ɗaya takamaimai wanda zai san sunansa, ya san inda yake kwana, ya kuma lura idan bai zo ba. Taro yana iya tafi da waƙa, amma taro ba ya buga waya ranar Talata.

Yana da kyau mu duba inda wannan giɓi ya samo asali, domin kada mu ɗora laifin a kan rashin ƙauna, alhali mutanenmu ba su rasa ƙauna ba. Mafi yawan ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa sun tsiro ne a ƙauyuka. Aikin ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission) ya fara a Wase a 1904, aikin da ya haifi EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) ya fara a Garkida a 1923, ikilisiyar ECWA kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission). A ƙauyukan da aka kafa waɗannan majami'u, masu sujada duk 'yan gari ɗaya ne, harshensu ɗaya, kowa ya san kakan kowa. Baƙon da ya shigo ranar Lahadi an riga an san labarinsa tun ranar Juma'a, domin a gidan wane ya sauka, kuma wanen ne zai riƙo shi zuwa sujada, ya zaunar da shi kusa da shi, ya koma da shi gida cin tuwo. Ba a buƙaci kwamiti ko littafi ba. Da 'ya'yan waɗannan ƙauyuka suka kwararo Kaduna da Jos da Zariya da Sabon Garin Kano neman aiki, daga baya kuma suka cika garuruwan da ke kewaye da Abuja bayan gwamnati ta koma can a 1991, Hausa ce ta haɗa su a majami'a ɗaya, tun da cikakken Littafi Mai Tsarki yana hannunsu da Hausa tun 1932. Sai muka ɗauko al'adar ƙauye muka kawo birni, muna zaton kowane baƙo yana da wanda ya kawo shi. A Mararraba kuwa, mutum yana iya shigowa majami'a domin ya ji waƙar Hausa daga bakin titi kawai, ba ya da kowa a cikin masu zama.

Mai masauki

A zamanin fatauci, ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ba ya sauka a gari haka siddan. Kowane falke yana da mai masauki a zango, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mutanen kasuwa, ya kuma tsaya masa idan wata magana ta taso. Wannan ne aikin da nake so ku ƙirƙira a ikilisiyarku, kuma Littafi Mai Tsarki ya nuna mana wanda ya yi shi. A Ayyukan Manzanni sura 9, da Shawulu ya iso Urushalima ya nemi shiga cikin almajirai, duka suka ji tsoronsa, sai Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni, ya ba da shaida a kansa. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba yana sura 11: bayan Shawulu ya koma Tarsus an daina jin ɗuriyarsa, Barnaban nan ne ya tashi takanas ya tafi nemansa, ya kawo shi Antakiya. Na farko karɓa ce, na biyu kuma bin sawu, kuma mutum ɗaya ne ya yi duka biyun.

A aikace, ku zaɓi mutane daga cikin mambobi, maza da mata, manya da matasa, waɗanda aka sani da sakin fuska da riƙe sirri. Riƙe sirri ya fi iya magana muhimmanci, domin mai masauki zai ji abubuwan da bai kamata su kai kunnen kowa ba sai fasto. Kada ku ɗauki waɗanda aiki ya riga ya yi musu yawa ranar Lahadi, kamar kai magatakarda da ma'aji da shugaban mawaƙa, domin a daidai lokacin da baƙo yake tsaye shi kaɗai a harabar majami'a, ku kuna ciki kuna ƙirga baiko ko kuna taron gaggawa. Mace ta riƙi mace, namiji ya riƙi namiji, iyali kuma a ba su iyali. Idan an sami wanda yake unguwa ɗaya da baƙon, ya fi wanda yake ƙabila ɗaya da shi amfani, kuma zan faɗi dalili a gaba. Kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da baƙi biyu ko uku a lokaci ɗaya. A ikilisiyoyin da na yi hidima, na ga cewa da zarar sunayen da ke hannun mutum sun wuce haka, sai ya daina kira ya koma aika saƙo ɗaya ga kowa, baƙon kuwa yana gane saƙon da aka rubuta domin shi da wanda aka watsa wa jama'a.

Ranar Lahadi ta farko

Karɓar baƙo tana farawa ne daga ƙofar harabar, kuma a nan ƙasarmu ta sa mu cikin wani hali mai wuya. Tun bayan harin da aka kai majami'ar Katolika ta Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da waɗanda suka biyo baya a Jos da Kaduna da Zariya a 2012, majami'u da yawa sun sa shinge da masu bincike a ƙofa, sau da yawa 'yan birged (ƙungiyar matasa masu sa kaki ta majami'a) ko sauran matasan ikilisiya. Wannan ya zama dole, kuma ba zan ce a daina ba. Sai dai a tuna cewa fuskar da ba a sani ba ita ce aka fi bincikawa, wato baƙo ne ke shan tambaya fiye da kowa, kuma abin da ya fara gani daga ikilisiya shi ne zargi. Maganin wannan mai sauƙi ne. A bincika kowa daidai, har dattijo da matar fasto, domin baƙo ya ga ba shi kaɗai ba ne. A koya wa masu binciken su fara da gaisuwa kafin su taɓa jaka. A kuma tsayar da ɗaya daga cikin masu masauki a bayan shingen, wanda aikinsa kawai shi ne ya karɓi wanda aka gama bincikawa ya raka shi ciki. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma babu inda aka fi buƙatarta kamar wurin da ake caje mutum.

A cikin majami'a akwai ƙananan abubuwa da mu 'yan gida muka daina gani. Baƙo bai san cewa wannan layin na zumuntar mata ba ne, wancan kuma na mawaƙa, har sai an zo an tashe shi a gaban jama'a. Bai san lokacin da ake tashi da lokacin da ake zama ba, ba ya da littafin waƙoƙi, bai san inda ake kai yara makarantar Lahadi ba, kuma idan ranar Jibin Ubangiji ce bai san ko an yarda ya ci ba. Mutumin da ya zauna kusa da shi ya buɗe masa littafi yana warware duk wannan ba tare da an yi sanarwa ba. Game da wurin zama kuma, Yakubu ya riga ya yi mana kashedi a sura 2 ta wasiƙarsa a kan ba mai zoben zinariya wuri mai kyau a bar matalauci a tsaye. A garin da ma'aikatan gwamnati da 'yan acaɓa da masu wankau suke sujada tare, wannan kashedin yana aiki kowace Lahadi, kuma talaka yana lura da wanda aka raka gaba da wanda aka nuna wa benci da baki.

Sai batun tashi tsaye da waƙar maraba. Ba na ƙin wannan al'ada, mutanenmu da yawa suna jin daɗinta, musamman wanda ya zo daga ikilisiyar gida ɗauke da gaisuwa. Amma a mai da ita gayyata, kada ta zama tilas, kuma kada a miƙa wa mutum abin magana a ce ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. Akwai wanda ya zo da nauyin zuciya yana neman inda zai zauna shiru. Akwai wanda bai iya Hausa sosai ba yana jin kunyar kuskure. Akwai kuma wanda bayyana shi a gaban jama'a zai jawo masa matsala a gida ko a wurin aiki. Saboda irin waɗannan, kada a ɗauki hoton baƙi a sa a Facebook, kuma idan kuna watsa sujada kai tsaye, a kau da na'urar ɗaukar hoto daga kansu. Masu masauki su riƙa lura da waɗanda ba su tashi ba, domin sau da yawa su ne suka fi buƙatar a yi musu magana.

Lokacin da ya fi kowane muhimmanci shi ne bayan an sa albarka. Da an fito, mutanenmu suna rarrabuwa rukuni-rukuni, kowa ya nufi 'yan garinsu, harshe ya juya daga Hausa zuwa Bajju ko Ngas ko Bura ko Tangale ko Gbagyi. Babu mugunta a ciki, kewar gida ce. Amma ga wanda ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan rukunoni, harabar majami'a tana zama wuri mafi kaɗaici a garin. A nan ne mai masauki zai tsaya da shi, ya gabatar da shi ga mutum biyu ko uku, ya kai shi gaida fasto, ya raka shi har bakin titi. Idan kuna da ɗakin da ake tara baƙi a ba su ruwa, madalla, amma kada a riƙe su da dogon jawabi a kan tarihin ikilisiya da aikin gini, kuma kada a ambaci kuɗi ko kaɗan.

Littafin sunaye da abin da ake yi da shi

Littafinka ba shi da laifi, sai dai ya zama wurin da sunaye suke shiga ba sa fita. Ka rage abin da ake tambaya: suna, lambar waya, unguwa, da ko mutum yana so a kira shi ko a ziyarce shi. Wanda ya ƙi ba da lamba a ƙyale shi da murmushi, domin a wannan zamani na satar mutane da damfara ta waya, mai hankali ne yake jinkirin ba da adireshinsa ga waɗanda bai sani ba. Littafin ya zauna a hannunka da hannun fasto, kada ya riƙa yawo a kan tebur, kuma kada a ba mai tallan kaya ko ɗan siyasa lambobin ko da mamba ne. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, amma ko ba doka, amana ce. Haka nan kada a jefa mutum cikin zauren WhatsApp na ikilisiya ba da izninsa ba, inda zai wayi gari da saƙonni barkatai da sanarwar gudummawa. Kafin ku bar majami'a ranar Lahadi, ka rubuta sunan mai masauki a gefen sunan kowane baƙo. Wannan shafin da babu shi a littafinka shi ne ya sa ka kasa tuna fuskokin.

Kiran farko ya zo kafin addu'ar tsakiyar mako, wato Litinin ko Talata, kuma ya zama gaisuwa ce zalla: an ji daɗin ganinka, yaya gida, yaya aiki, akwai abin da za mu sa a addu'a? Kada a tambayi mutum ko zai zama mamba, kada kuma a yi masa wa'azi ta waya. A wurinku sai a lura da lokaci, domin mutanen Mararraba da Masaka da Ado suna fita tun da asuba saboda cunkoson hanyar Nyanya, ba sa komowa sai dare, don haka kiran tsakar rana yana iske su a wurin aiki, ziyarar tsakiyar mako kuma takan tarar da ƙofa a kulle. Asabar da yamma ko Lahadi bayan sujada sun fi dacewa da ziyara.

Zumunci a ƙafa yake, kuma waya ba ta maye gurbin ƙafa. Amma ziyara tana da ƙa'ida. A nemi izini tukuna, kada a faɗo wa mutum, domin mai ɗaki ɗaya a gidan haya yana iya jin nauyin a ga halin da yake ciki, wata kuma mijinta ko wanda take zaune a gidansa bai san ta je majami'a ba. A tafi biyu-biyu kamar yadda Ubangiji ya aiki almajiransa, kuma namiji kada ya ziyarci mace shi kaɗai, ko da fasto ne. A gajarta zama, a hana mai gida wahalar sayen lemo, a yi addu'a a tashi. Idan yaro ne ko yarinya da ba su kai munzali ba suka zo su kaɗai, iyaye ko masu riƙonsu ake nema, kuma ba a ci gaba da komai ba da saninsu ba.

Ni a ganina Lahadi ta biyu ta fi ta farko nauyi. A ta farko an yi masa waƙa, a ta biyu ba ya cikin masu tashi tsaye kuma bai zama ɗan gida ba, don haka babu wanda aikinsa ne ya kula da shi. Idan a ranar wani ya kira shi da sunansa tun daga ƙofa, ya tuna abin da suka yi magana a kai, to an yi rabin aikin. Idan kuwa aka sake tambayarsa ko yau ne zuwansa na fari, da wuya a gan shi a ta uku.

Daga mai masauki zuwa zumunta

Mai masauki ba zai riƙe mutum har abada ba. Aikinsa ya cika sa'ad da baƙon ya sami ƙaramin taron da ake jiransa a ciki. A nan dole in yaba wa zumuntar mata, domin a duk ikilisiyoyinmu babu ƙungiyar da ta kai su iya wannan aiki. Amaryar da aka kawo gari, kafin wata ya ƙare sun san gidanta, sun je mata barka idan ta haihu, sun zauna da ita idan an yi mata rasuwa, sun sa ta cikin waƙa. Shi ya sa mata baƙi suka fi zama. Inda muke zubar da mutane shi ne wajen maza, musamman samari masu neman aiki da magidantan da suka bar iyali a gida, domin zumuntar maza a wurare da yawa ba ta taruwa sai an zo batun gudummawa. Ga irin waɗannan, addu'ar gida-gida ta unguwa da ƙungiyar bishara ta 'yan Sabon Rai da mawaƙa da ƙwallon matasa sun fi saurin kama mutum. Dalilin da ya sa na ce maƙwabci ya fi ɗan ƙabila amfani ke nan: maƙwabci zai biya masa su tafi addu'ar unguwa tare, ɗan ƙabila kuwa zai kai shi taron 'yan garinsu ne, wanda yake da kyau amma ba ya ɗaure shi da ikilisiya.

Batun harshe da ƙabila ya cancanci dattawa su zauna a kansa da gaske. Ikilisiyar farko ta gamu da shi a Ayyukan Manzanni sura 6, inda masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana manta da gwaurayen matansu a rabon abinci. Manzanni ba su musa ba, suka sa aka zaɓi mutum bakwai, kuma dukansu sunayen Helenawa gare su. Idan dattawanku da shugabannin ƙungiyoyinku duka daga yanki ɗaya suke, baƙo daga wani yanki zai karanta wannan tun kafin a gama sanarwa, ya kuma fahimci iyakar inda zai kai a cikinku. Ba wa sabon mutum ƙaramin aiki da wuri, kamar jera kujeru ko taimakawa a ƙofa, yana sa ya ji ana buƙatarsa. Shugabanci da koyarwa da riƙe kuɗi da kula da yara kuwa sai an san shi sosai, kamar yadda Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya yi garajen ɗora wa kowa hannu.

Ba duk baƙi ne iri ɗaya ba

Wanda aka yi wa canjin wurin aiki daga ikilisiyar ɗarikarku, abin da yake buƙata shi ne a taimaka masa ya kawo takardar shaida daga inda ya fito. Wannan tsohuwar al'ada ce, domin 'yan'uwa a Afisa sun rubuta wa Afolos irinta sa'ad da zai haye Akaya, Bulus kuma ya gabatar da Fibi ga Romawa a rubuce. Wanda ya baro wata majami'ar da ke kusa saboda saɓani ko domin yana ƙarƙashin horo, a karɓe shi ya yi sujada, amma fasto ya tuntuɓi faston da ya baro kafin a sa sunansa cikin mambobi, in ba haka ba za ku gaji rigimar da ba ku san farkonta ba. 'Yan bautar ƙasa da ɗalibai da sojoji da 'yan sanda ba za su daɗe ba, kuma ba hasara ba ce a hidimta wa mutum shekara ɗaya a sallame shi da addu'a da takarda.

Waɗanda rikici ya koro suna buƙatar haƙuri na musamman. Bayan da aka mamaye Mubi da hedikwatar EYN a Kwarhi a watan Oktoba na 2014, iyalai da yawa daga Borno da Adamawa sun watsu zuwa Jos da kewayen Abuja, kuma har yau ana samun masu gudowa daga wasu yankunan. Kada a sa irin wannan mutum ya ba da labarin abin da ya gani a gaban jama'a da sunan shaida. Zai faɗa da kansa ga wanda ya amince da shi, a lokacin da ya shirya. Haka kuma wanda ya zo yana neman sanin bangaskiya a karo na fari: fasto ko dattijo mai natsuwa ya zauna da shi a keɓe, a bar shi ya yi tambayoyinsa, a shigar da shi ajin baftisma idan shi ya nema, kada a matsa masa, kada a yi shelarsa, kada kuma a zuga shi ya raina iyayensa ko ya yanke zumunci da danginsa.

Akwai kuma wanda zai zo da roƙon kuɗin haya ko na asibiti tun ranar farko. Wasu gaskiya suke faɗa, wasu kuwa zagaye majami'u suke yi. Kada a bar mai masauki ya yanke hukunci da aljihunsa, domin zai gaji ya ajiye aikin. A miƙa maganar ga kwamitin jinƙai, su bincika cikin mutunci, su taimaka gwargwadon ƙarfin ikilisiya, kuma kada taimakon ya zama sharaɗin zama mamba.

Ka tambayi yadda za a bi sawu ba tare da an zame wa mutum kaya ba. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: idan an kira sau biyu ba a amsa ba, a aika gajeren saƙo cewa ƙofa a buɗe take, sa'an nan a dakata. Idan mutum ya ce ya sami wata majami'a kusa da gidansa, a yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya, kada a ɓata sunan inda ya koma. Ana iya sake gaishe shi lokacin Kirsimeti ko Ista, ko idan an ji wani abu ya same shi.

Dattawan da suka ambaci wa'azi da yawan ƙaura ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma nan ne iyakar shawarata. Babu tsarin karɓar baƙi da zai riƙe mutum a inda ba a ciyar da shi da Maganar Allah, ko inda sujada take cinye yini da sanarwa da baiko kashi-kashi, ko inda ya tarar shugabanni ba sa ga maciji da juna. A gari irin naku kuma, ƙarewar kuɗin haya ko rusau ko canjin aiki suna kwashe mutane ba da laifin kowa ba. Abin da na rubuta ya fito ne daga hidima a ikilisiyoyin gari masu matsakaicin girma, inda fasto zai iya sanin yawancin fuskoki. Majami'ar da take tara dubbai a sujada biyu ko uku sai ta raba aikin shiyya-shiyya, ta ƙauye kuma wataƙila abin da take da shi tun dā ya ishe ta.

Domin ku raba gardamar dattawa da hujja, ka ɗauki sunayen watanni uku na ƙarshe daga littafinka, ku raba su tsakanin mutum huɗu ko biyar, ku kira kowa ku gaishe shi, ku tambaye shi cikin ladabi ko yana nan a gari da inda yake sujada yanzu. Ka rubuta amsoshin kashi uku: waɗanda suka bar gari ko dama wucewa suke yi, waɗanda suka zauna a wata majami'a, da waɗanda suna nan amma ba sa zuwa ko'ina. Kashi na uku su za a fara ba masu masauki, kuma rahoton da za ka kai wa majalisar dattawa daga yanzu ya ƙunshi adadin baƙin da suka komo sau uku da adadin waɗanda suka shiga wata zumunta, tare da adadin waɗanda suka tashi tsaye.